Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Tarihin Jaridar Talakawa a Ƙasar Hausa da Darasin Kerala

Gabatarwa

A shekarar da Allah Ya yi wa kakana rasuwa, ni aka ɗora wa aikin kwashe kayan ɗakinsa a gidanmu da ke Maigatari. A ƙasan adakarsa, inda tsofaffi kan shimfiɗa takarda don kada laima ta taɓa tufafi, na tarar da fallayen jarida guda biyu. Na farko rabin shafi ne na Hausar boko, ya yi jawur saboda tsufa, gara ta cinye kwanan watan, amma sunan jaridar yana nan: Daily Comet. Na biyu da ajami aka buga shi, ga sunansa ɓaro-ɓaro a sama: Alfijir. Na kai wa mahaifina, na ce, “Baba, waɗannan a ƙone su tare da sauran tarkacen?” Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, “Ajiye. Saboda irin wannan ta farkon kakanka ya taɓa kwana a ɗaure.”

Kakana tela ne. Bai taɓa riƙe muƙami a wata jam'iyya ba, bai kuma taɓa rubuta ko layi ɗaya a jarida ba. Abin da ya iya shi ne karatun boko da ya koya a ajin Yaƙi da Jahilci, ga kuma murya mai kaifi. Waɗannan biyu sun isa su mayar da rumfar ɗinkinsa wurin da ake taruwa a ji abin da duniya take ciki.

Fallayen nan biyu su suka sa na shiga bin tarihin jaridun da suka yi magana da sunan talaka a ƙasar Hausa. Da na bi sawu sai na ga abu guda yana maimaita kansa: talakan Arewa ya yi jam'iyya, ya yi mawaƙa, ya yi jarumai da suka sha ɗauri dominsa, amma bai taɓa mallakar injin buga jarida da kuɗin aljihunsa ba. Sau ɗaya ya ari shafi, sau ɗaya gwamnati ta buga masa. Wannan muƙala za ta bi waɗannan zangon biyu, sa'an nan ta leƙa wata jiha a kudancin Indiya inda manoma da leburori suka ɗauki wata hanya dabam, don mu ga abin da ya raba mu da su.

Kafin Talaka Ya Sami Shafi

Jaridar Hausa da ta fara kafuwa sosai ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, Dokta Rupert East kuma yana kula da hukumar da ke buga ta. Ba wanda zai raina aikinta. Ita ta daidaita wa Hausar boko zama, ita ta koya wa mutane rubuta wasiƙa zuwa ga edita, kuma a shafukanta 'yan bokon farko suka fara gwada faɗin ra'ayi a bainar jama'a. Imam da kansa ya yi amfani da ita wajen jan hankalin Turawa da sarakuna kan gyare-gyare, cikin hikima da karin magana.

Duk da haka jarida ce ta hukuma. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ta a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da take bukatar bakin da zai kashe jita-jita ya kuma isar da saƙonta. Haka ma ƙananan jaridun larduna da hukumar NORLA ta riƙa bugawa a shekarun 1950, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. An yi su ne don waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci su sami abin karantawa kada karatun ya zube. Suna koyar da tsabta da noma da biyayya. Ba aikinsu ba ne su tambayi dalilin da ya sa manomi yake sayar da akuyarsa don ya biya haraji, ko yadda ake ƙidayar shanu a lokacin jangali, ko wanda yake cin moriyar aikin tilas.

Ƙasarmu ta Gumel a lokacin tana cikin Lardin Kano. Masarauta ce mai tarihinta dabam, domin ta Mangawa ce da ke da alaƙa da Barno, jihadi bai ci ta ba. Amma a ƙarƙashin Turawa tsarin En'e ɗaya ne ko'ina: haraji, jangali, kotun alkali, 'yan doka da gidan yari duk a hannu guda. Talakan Sule Tankarkar da na Bichi kukansu iri ɗaya ne, abin da suka rasa shi ne inda za a rubuta kukan.

Shafin Aro: NEPU da Daily Comet

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Dambatta, da mawaƙi Mudi Sipikin. Ba 'ya'yan sarauta ba ne; akasarin waɗanda suka bi su teloli ne, da 'yan koli, da mahauta, da ƙananan malamai. A 1952 jam'iyyar ta fitar da sanarwar manufofinta da aka sani da sunan Sawaba, inda ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, kuma 'yantar da talaka aikin talaka ne da kansa. A 1953 Malam Aminu Kano ya zama shugabanta.

Ya kamata a faɗa tun a nan cewa NEPU ba jam'iyyar kwaminisanci ba ce, ko da yake abokan hamayya sun sha jifanta da wannan suna. Hujjojinta daga gida ta ɗebo su. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur sun yi ta tunatar da mutane cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya soki zaluncin masu mulki da harajin da ba shi da tushe a shari'a. Abin da ya haɗa ta da jam'iyyun 'yan gurguzu na duniya shi ne tambayar da take yi: wa yake noma, wa yake ci?

Jam'iyya irin wannan tana bukatar jarida kamar yadda makaho yake bukatar sanda. Sai dai NEPU ba ta da kuɗin sayen inji. Abin da ta samu shi ne Daily Comet. Wannan jarida a Legas aka haife ta a 1933, a hannun Duse Mohamed Ali, ɗan gwagwarmayar haɗin kan baƙar fata. Daga baya kamfanin jaridun Dokta Nnamdi Azikiwe ya saye ta, ya kuma mayar da ita Kano a 1949. Da yake Azikiwe yana neman abokan tafiya a Arewa, kuma jam'iyyarsa ta NCNC ta ƙulla ƙawance da NEPU, sai Comet ta buɗe wa 'yan Sawaba ƙofa. Magaji Dambatta ya yi aiki a cikinta. Tanko Yakasai, wanda shi ma da ɗinki ya fara neman abinci, ya riƙe sashenta na Hausa a shekarun 1950. A wannan shafi ne labarin wanda aka yi wa bulala a ƙauye, ko aka ƙwace wa gona, ya fara fitowa da baƙin tawada.

Mahaifina ya ba ni labarin yadda jaridar take iso mu. Ba ta zuwa kullum. Wani lokaci fataken da suka sauka daga jirgin ƙasan Nguru a tashar Gagarawa su suke zuwa da ita, wani lokaci direbobin manyan motoci da ke kawo kaya kasuwar Alhamis. Kafin ta iso ta yi kwana huɗu ko biyar, ta sha hannu har ta yi laushi. Kakana yakan tsayar da keken ɗinki bayan la'asar, ya karanta shafin Hausa da ƙarfi, dillalan shanu da masu kanwa da baƙi daga Dungas da Magarya suna saurare. Su ma mutanen ƙetaren iyaka kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinsu, domin jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar ita ma Sawaba ake kiranta. Kofi ɗaya yakan isar da saƙo ga mutum talatin da ba su san “a” ba. A irin wannan karatu ne, a wata kasuwar ƙauye da ya je cin rani da kekensa, aka kama shi da laifin tara jama'a ba izini. Ya kwana uku, sai da aka sayar da tunkiyar kakata aka biya tara.

Abin da ya same shi ƙarami ne idan aka gwada da na wasu. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa nata mutanen a tsakiya, ya hana ta kaiwa majalisa. 'Ya'yanta sun sha duka a hannun 'yan banga, sun cika gidajen yari, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta sau da yawa. A cikin wannan hali shafin Comet ya zama shaida: abin da aka yi a ɓoye, a buga shi a sarari.

Amma shafin na aro ne. Injin na Azikiwe ne, akasarin jaridar da Turanci take, kuma makomarta tana ɗaure da lissafin wani kamfani da wata jam'iyya da ke da nasu bukatun a Legas da Inugu. Wannan ya ba abokan hamayya makami, suna cewa 'yan NEPU 'yan amshin shatan mutanen Kudu ne. Da sojoji suka karɓi mulki a 1966 suka soke jam'iyyu, NEPU ba ta bar wata maɗaba'a ko gidan jarida da zai riƙe tunaninta har a sake buɗe fage ba. Abin da ya rage yana cikin ƙirazan mutane da waƙoƙi da 'yan fallaye a ƙasan adaka.

Jaridar Gwamnatin Talakawa

Zango na biyu ya zo bayan shekara goma sha uku. A 1978 Malam Aminu Kano ya kafa PRP, a zaɓen 1979 kuma ta ci jihohin Kano da Kaduna. Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano, wadda a lokacin ta haɗa da dukan Jigawa ta yau. Tun a farkon mulki gwamnatin ta soke haraji da jangali. A garin da rayuwarsa ta dogara da kara kamar Maigatari, ba sai an yi wa kowa bayanin ma'anar soke jangali ba. Ta kuma kafa hukumar ilimin manya a 1980 don koya wa magidanta da matan aure karatu.

A wannan shekarar ce aka kafa kamfanin jaridu na Triumph, wanda mazauninsa a Kano ake kira Gidan Sa'adu Zungur. Bayan jaridun Turanci, kamfanin ya fito da Albishir da Hausar boko, da Alfijir da ajami. Fitar da jarida da ajami tunani ne mai zurfi. Dubban mutanen da takardun hukuma suke lissafawa a cikin jahilai sun yi shekaru a makarantar allo, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. Alfijir ta je ta same su a inda suke. Kakana, wanda a lokacin idonsa ya fara rauni ga ƙananan baƙaƙen boko, ya koma mata, kuma a karo na farko maƙwabtansa almajirai suka daina jiran a karanta musu.

Cewa jaridar tana da tasiri, abokan gabarta ma sun shaida. A tarzomar da ta ɓarke a Kano ranar 10 ga Yuli, 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano, ofishin Triumph da gidan Rediyon Kano suna cikin wuraren da aka cinna wa wuta, kuma a ranar aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Ba a ƙona gidan da maganarsa ba ta isa ko'ina.

Sai dai ita ma wannan murya tana da nata rauni. Triumph ba ta PRP ba ce, ba ta kuma masu karatu ba ce. Ta gwamnatin jiha ce, daga baitulmali ake biyan takarda da albashi. Da jam'iyyar ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, jaridar ta bi ɓangaren da ke riƙe da gidan gwamnati. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓe, a ƙarshen shekarar kuma soja suka dawo. Daga nan duk wanda ya hau kujera shi ne mai jaridar. Ta ci gaba da fitowa shekaru da dama, ta kuma horar da 'yan jarida masu yawa, amma ta tashi daga bakin talaka ta koma kakakin mai mulki na ranar. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, mu mutanen Gumel muka wayi gari jaridar ta zama ta maƙwabta. A 2012 gwamnatin Kano ta rufe kamfanin. Abin da gwamnati ta ba ka da sa hannu ɗaya, da sa hannu ɗaya take karɓewa.

Maraƙar da Ta Sayi Tawada

A nan ne labarin wata ƙasa mai nisa ya shigo, kuma ta hanyar mahaifina ya shigo. A shekarun 1970 da farkon 1980 makarantun sakandaren Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya, da yawansu daga jihar Kerala. Ɗaya daga cikinsu ya koyar da mahaifina lissafi a Gumel. Baba ya ce duk bayan 'yan makonni akan aiko wa malamin ƙunshin jaridu daga gida, masu wani rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar an zuba taliya. Wata rana ya tambaye shi abin da yake karantawa a jaridar da ta kwana wata guda a hanya. Malamin ya amsa masa cewa wannan ba jaridar da ya saya ba ce kawai, jarida ce da mahaifinsa ya sa kuɗi aka kafa. Sunanta Deshabhimani, wato mai kishin ƙasa, kuma da harshen Malayalam ake buga ta.

Da na girma na nemi tarihinta. Kerala a farkon ƙarni na ashirin ƙasa ce ta manyan masu gonaki da manoma 'yan haya da ake iya kora a kowane lokaci, ga kuma tsarin bambancin asali mai tsanani da ya hana wasu mutane bin wasu hanyoyi ma. A 1935 matasa masu ra'ayin gurguzu suka fara wata jarida mai suna Prabhatham. Bayan sun rikiɗe sun zama jam'iyyar kwaminis, kuma Turawan Ingila sun ɗage haramcin da suka ɗora wa jam'iyyar a 1942, sai suka fito da Deshabhimani a birnin Kalikut ranar 6 ga Satumba na wannan shekara, tana fitowa mako-mako. Ranar 18 ga Janairu, 1946, ta koma ta kullum.

Abin lura shi ne inda kuɗin ya fito. E. M. S. Namboodiripad, ɗan babban gida ne mai gonaki, ya sayar da gadonsa ya ba jam'iyya, aka sa a jaridar. A. K. Gopalan ya zaga ƙauyuka, ya kuma bi 'yan Kerala da ke ci-rani a wasu garuruwa da ƙasashe yana tara gudummawa. A cikin masu bayarwa akwai wata talaka mai suna Palora Matha, wadda ba ta da kuɗi, sai ta jawo maraƙarta ta bayar. Har yau ana ambatonta a duk lokacin da ake ba da tarihin jaridar. Ni da na tashi ina jin kukan shanu kowace Alhamis, na san abin da maraƙa take nufi ga macen ƙauye: ita ce asusunta, ita ce maganin ranar ciwo, ita ce kayan ɗakin 'yarta.

Jaridar ta sha wuya irin wadda 'yan Sawaba suka sani. An ci ta tara, an kama ma'aikatanta, a 1948 aka hana ta fitowa, ba ta dawo ba sai 1951. Amma da yake masu ita suna nan a gonaki da masaƙu da tashoshin jiragen ruwa, duk lokacin da aka rufe ta su suke sake tara kuɗi a buɗe. Ta kuma sami ƙasa mai dausayi, domin a wannan zamani ne aka yi ta kafa ɗakunan karatu a ƙauyukan Kerala. A rumfunan masu naɗa taba da hannu, al'ada ce mutum ɗaya ya riƙa karanta jarida da ƙarfi saura suna aiki, su kuma su cike masa rabonsa na aikin. Da na karanta wannan sai na ga rumfar kakana, bambancin kawai su sun mayar da abin tsari.

A 1957, shekara guda bayan kafa jihar, jama'ar Kerala suka zaɓi gwamnatin kwaminis ta hanyar ƙuri'a, Namboodiripad ya zama babban minista. Gwamnatin ta fara da hana korar manoma 'yan haya daga gonaki. Gwamnatin tarayyar Indiya ta rushe ta a 1959, amma jaridar ba ta rushe tare da ita ba, domin ba daga baitulmali take ci ba. Da jam'iyyar ta rabe a 1964, Deshabhimani ta zama ta ɓangaren da ake kira na Markisanci. Tun daga lokacin jam'iyyar ta hau mulki ta sauka sau da dama, jaridar kuwa tana fitowa kowace safiya daga birane da yawa, tana cikin manyan jaridun harshen Malayalam. A ƙidayar 2011, kusan kashi 94 cikin ɗari na mutanen Kerala sun iya karatu da rubutu.

Inda Hanya Ta Rabu

Ba ina cewa Deshabhimani jarida ce marar aibi ba. Jaridar jam'iyya ce, kuma jaridar jam'iyya takan ga ƙwayar tsakuwa a idon abokin hamayya ta kasa ganin dutse a nata. Haihuwarta ma ta zo ne a lokacin da 'yan kwaminis suke goyon bayan yaƙin da Ingila take yi da Jamus, alhali jam'iyyar Gandhi tana cewa Turawa su fice, abin da ya jawo musu zargi mai tsawo. Idan jam'iyyarta tana mulki, masu sukarta sukan ce ta zama mai wanke gwamnati. Ba kuma ina kiran a kwaso aƙidarta a kawo ƙasar Hausa ba. 'Yan NEPU da kansu sun nuna cewa muna da rijiyar da za mu ɗebi hujjar adalci a cikinta.

Haka nan ba adalci ba ne a ce iyayenmu sun gaza don rashin kishi. Yanayin ya bambanta. Kerala ta riga mu yawan makarantu da shekaru masu yawa, garuruwanta a cushe suke kusa da juna, jarida tana isa ko'ina kafin hantsi. A nan kuwa masu karatun boko 'yan ƙalilan ne, tafiya tsakanin Kano da Maigatari a wancan zamani aiki ne, kuma duk wanda aka gani da jaridar adawa yana iya rasa gonarsa ko rumfarsa. Mutanen da suka sayar da tumaki suka biya tara ba za a ce musu marowata ba.

Amma a nan ne darasin yake. Tunkiyar kakata da maraƙar Palora Matha dabbobi ne na mata biyu talakawa, duka an rabu da su saboda jarida. Ɗaya ta tafi a biyan tara, ta shiga aljihun hukumar da ake ƙorafi a kanta. Ɗaya ta tafi a sayen takarda da tawada, ta zama jari. Sadaukarwar ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne tsarin da ya karɓe ta. Jagororin Kerala sun ɗauki maɗaba'a a matsayin abin da za a fara ginawa kafin a nemi mulki. Namu sun zuba ƙarfinsu a kan lacca da waƙa da dandali, waɗanda suka dace da jama'ar da ba ta karatu, amma iska takan tafi da su. Da mulki ya zo hannu a 1979, sai aka gina jaridar a kan mulkin, shi kuwa mulki inuwar gajimare ne.

Hasarar ba ta tsaya ga siyasa ba, ta shafi tarihi. Mai son ya san abin da manomin Malabar ya ce a 1946 zai iya zuwa ya buɗe kundin jaridarsa. Mai son ya san abin da talakan Gagarawa ya ce game da jangali a 1956, sai dai ya nemi rahoton Baturen hukuma, wato ya ji labarin kura daga bakin mafarauci, ko ya yi sauri ya sami tsohon da ya rage kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Kammalawa

Yau Hausa ba ta rasa kafafe ba. Akwai jaridu irin su Aminiya, akwai gidajen rediyo masu zaman kansu, ga wayar hannu a aljihun kowane dillali a kara. Amma tambayar da fallayen adakar kakana suka yi mini tana nan ba ta sami amsa ba: wa ya mallaki bakin da ke magana da sunan talaka? Filin siyasar da ake saya a rediyo na wanda ya biya ne, shi ya sa ake kiran masu shiga sojojin baka. Shafin Facebook kuwa na wani kamfani ne a Amurka, yana iya rufe shi ba tare da ya san inda Maigatari take ba. Har yanzu zanen na aro ne, launinsa kawai ya sauya.

Kasuwar garinmu tana tara dabbobi daga Nijar da ƙasashen da ke bayanta kowane mako, ana loda su zuwa Kudu. A cikinta akwai ƙungiyoyin dillalai da mahauta da direbobi da masu hatsi, kowace tana karɓar kuɗin ƙungiya, wasu suna adashi. Jama'ar da ta iya wannan ba za ta kasa ɗaukar nauyin 'yar jarida ta Hausa, da boko da ajami, a takarda ko a waya, wadda za ta rubuta farashin gero da rikicin burtali da halin makarantun ƙauye ba, in dai ta yarda cewa labari ma kaya ne da ake zuba wa jari.

Fallayen nan biyu na sa su a leda na adana. Wani lokaci nakan fito da na Comet in karanta 'yan layukan da gara ta bari, in tuna cewa akwai ranar da karanta su da ƙarfi yake kai mutum kurkuku. Kakana ya biya nasa rabon da murya da kwana uku a ɗaure. Abin da ya rage a kanmu, mu da muka yi karatun da bai samu ba, shi ne mu saƙa namu zanen.